FASHIN BAƘI: Yadda fentin gida bayan hunturu ke tono gubar dalma a Amurka

Duk shekara, da zarar dusar ƙanƙara ta narke a jihohin arewa maso gabashin Amurka, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, sai a fara ganin tsani jingine da bangon gidaje. Lokacin fenti ya kama. A birane irin su Boston da Providence da Rochester, inda dubban gidajen zama na katako ne, fentin waje shi ne garkuwar da ke hana ruwa ruɓar da gida. Sai dai aikin da ake yi domin ceton katako yana iya cutar da yaran da ke kwana a ciki, saboda a ƙarƙashin launin da ido ke gani akwai tsohon fenti mai ɗauke da dalma.

Me ya sa sai bayan hunturu?

Sanyi ne ke lalata fentin, shi ne kuma ke hana a gyara. Ruwa yakan bi 'yan tsagogi ya shiga katako. Idan ya daskare, girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai ya buɗa tsagar. Rana ta fito ya narke, dare ya yi ya sake daskarewa. Kafin hunturu ya fita, fentin ya kumbura yana ɓarewa.

Yawancin fentin waje na zamani da ruwa ake haɗa shi, kuma ba ya kama jiki sai ruwan ya bushe, ƙwayoyin robar da ke ciki sun manne da juna sun zama fata guda. A cikin sanyi ba sa mannewa. Don haka tsohuwar ƙa'idar masu fenti ita ce kada a shafa sai zafi ya haura digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Akwai sababbin nau'o'in da ke jure har kusan digiri 2, amma su ma suna bukatar daren da ba zai daskare ba. Ana kuma jiran katakon ya tsane, danshinsa ya sauko ƙasa da kashi 15 cikin ɗari, sannan a guji yammacin da raɓa ke shirin sauka.

Waɗannan sharuɗɗa ne ke matse aikin cikin 'yan watanni. Kowa yana neman mai fenti a lokaci guda, masu fenti kuma suna sauri su gama wannan gida su kama na gaba.

Inda gubar take

Sabon fenti ba ya zama a kan wanda ya ɓare, tilas sai an kankare tsohon an goge bangon ya yi sumul. A nan haɗarin yake.

Shekaru masu yawa ana zuba dalma a fenti domin yana sa shi ƙarko da jure danshi. An daɗe da sanin illarsa: tun a 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniyar taƙaita amfani da farin fentin dalma, wadda Amurka ba ta shiga ba. Sai a 1978 gwamnatin tarayyar ƙasar ta haramta shi a gidajen zama. Haramcin ya tsayar da sayarwa, amma wanda aka riga aka shafa yana nan daram. Alƙaluman Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, sun nuna kashi 87 cikin ɗari na gidajen da aka gina kafin 1940 suna da fentin dalma, na 1940 zuwa 1959 kashi 69, na 1960 zuwa 1977 kuwa kashi 24. Arewa maso gabas na cikin yankunan da tsofaffin gidaje suka fi yawa.

Idan aka kankare irin wannan bango a bushe, ko aka sa masa injin gogewa, dalmar takan zama ƙura. Ta sauka a tsakar gida, ta shiga ta taga, ta biyo takalma har ɗaki. Dalma ba ta ruɓewa, tana iya shafe gomman shekaru a cikin ƙasa. Yaro mai rarrafe ya taɓa ya kai hannu baki, ɓawon fentin kuma yana da ɗan zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana iya tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa, kuma babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. A 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta sauke mizanin da take gane yaran da ke bukatar kulawa da shi daga maikirogiram 5 zuwa 3.5 a kowane kashi ɗaya cikin goma na litar jini.

Wannan guba ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara a annobar da ta bayyana a 2010, ko da yake a can daga niƙan duwatsun zinare ta fito. Ta fenti ba kasafai take kisa ba, a hankali take ɓarna, sau da yawa ba tare da wata alama ba sai an yi gwajin jini.

Abin da doka ta tanada

Daga ranar 22 ga Afrilun 2010, duk kamfanin da za a biya ya taɓa fentin gidan da aka gina kafin 1978 sai ya sami shaidar EPA, da ma'aikacin da aka horar. Idan wurin da za a kankare a waje ya wuce murabba'in ƙafa 20, dole a shimfiɗa leda mai kauri har ƙafa 10 daga bango, a rufe ƙofofi da tagogin da ke kusa, a kwashe ɓawon a ƙulle. An hana ƙona fenti da harshen wuta, an kuma hana injin gogewa sai wanda ke da matatar zuƙe ƙura.

Wasu jihohi da birane sun ƙara nasu. Dokar Jihar Massachusetts, wadda ta samo asali a 1971, ta wajabta wa mai gida ya cire ko ya rufe fentin dalma muddin yaro ɗan ƙasa da shekara shida yana zaune a ciki. Birnin Rochester kuwa tun 2006 yake duba gidajen haya, maimakon ya jira sai yaro ya kamu.

Giɓin da ya rage

Dokar tarayya ba ta hau kan wanda ya ɗauki tsani ya kankare gidan da yake zaune a ciki da hannunsa ba, ko da ƙurar za ta tsallaka gidan maƙwabci. Bin ƙa'ida kuma yana cin lokaci da kuɗi, shi ya sa ɗan kwangilar da ya yi watsi da ita yakan fi araha. Ɗan haya ba shi ke zaɓar mai fenti ba, amma yaransa ne ke wasa a gindin bangon. Tsofaffin gidajen haya marasa kulawa sun fi yawa a unguwannin talakawa da baƙar fata da baƙin haure, a can ne kuma aka fi samun yaran da dalma ta yi wa yawa a jini.

Wa zai biya?

A 1999 Jihar Rhode Island, ta hannun Antoni Janar Sheldon Whitehouse, ta maka kamfanonin da suka sarrafa dalmar fenti a kotu. A 2006 masu taya alƙali yanke hukunci suka sami uku daga ciki da laifi, amma a 2008 Kotun Ƙolin jihar ta rushe hukuncin. A California, shari'ar da aka shigar a 2000 ta kai 2019 kafin kamfanonin Sherwin-Williams da ConAgra da NL Industries su amince su biya dala miliyan 305.

A jihohin sanyi kuwa, nauyin ya koma kan masu gidaje da asusun gwamnati da iyaye. Abin da ke hannun mai gida shi ne ya binciki shekarar da aka yi ginin, ya sa a gwada fentin kafin a taɓa shi, ya nemi ganin shaidar ɗan kwangila, a jiƙa bango kafin a kankare, a kuma nisantar da yara da masu juna biyu har sai an share wurin. Shekara fiye da 45 da haramta fentin dalma, har yau lafiyar yaro a tsohon gidan katako tana rataye ne da irin wanda ya hau tsani a watan Mayu.