Shin Ko Kun San? Takin da Ke Sauka Tare da Dusar Ƙanƙara

Shin ko kun san cewa sama tana zuba taki a wuraren da ba a taɓa kafa garma ba? A can ƙuryar arewacin duniya da ƙuryar kudancinta, duk ruwan da ya sauka da duk dusar ƙanƙarar da ta zuba suna tafe da naitirojin, sinadarin nan da manomi ke nema in ya sayi takin zamani.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya cinsa a haka sai an fasa shi an haɗa shi da wani sinadari. A da, walƙiya da ƙananan halittun cikin ƙasa ke wannan aiki. A 1909 Bajamushe Fritz Haber ya gano yadda ake yinsa da hannu, a 1913 kuma Carl Bosch ya kai shi masana'anta. Tun daga nan gonaki da garken dabbobi ke ƙara fitar da tiririn amoniya mai ɗauke da naitirojin, injinan mota da tashoshin wutar lantarki suna fitar da nasu hayaƙin, iska kuwa tana kwasa ta yi tafiyar dubban kilomita da shi.

Shin ko kun san abin da ke sauka ɗin bai taka kara ya karya ba? A Ny-Ålesund, wani ɗan ƙauyen masu bincike a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, ba ya cika kai kilo ɗaya a hekta a shekara. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, wato sai sama ta yi fiye da shekara 20 tana zubawa kafin hekta ɗaya ta sami abin da ke cikin buhu guda. A wasu sassan ƙasar Holan kuwa, ana samun sama da kilo 20 a shekara ɗaya tak.

To me ya sa ake damuwa? Saboda ƙasar Svalbard mayunwaciya ce. Sanyi ya hana ganye da saiwa ruɓewa da wuri, don haka tsiron wurin, gansakuka da ƴan ciyayin da ba su wuce idon sawu ba, sun saba da rayuwa a kan ɗan abin da ya samu. Da an ƙara musu kaɗan sai lissafi ya rikice, masu saurin girma su danne masu haƙuri. A farkon shekarun 1990 masu bincike sun zuba taki a wasu ƙananan filaye kusa da Ny-Ålesund, suka daina, amma shekara 18 bayan haka filayen ba su koma yadda suke ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai cikin lamarin duka: ƙasar da ba ta nemi taki ba, in ya shige ta, ba ta da hanyar fitar da shi da sauri. Wanda yake son ganin ƙarfin naitirojin a can da idonsa, ya dubi gindin duwatsun da tsuntsayen teku ke sheƙa. Ko'ina tsakuwa ce toka-toka, amma inda kashinsu ke gangarowa kore ne shar.

Kuma ba da ɗigo-ɗigo yake zuwa ba. A Svalbard, ruwa kaɗan da iska ta koro kai tsaye daga Turai kan sauke kaso mai tsoka na abin shekara cikin ƴan kwanaki. Wanda ya zuba da hunturu kuma yana kwance cikin ƙanƙara wata da watanni, sai narkewar farko ta wanko mafi yawansa zuwa rafuka da tafkuna.

Shin ko kun san ƙanƙara tana riƙe da tarihin wannan abu shekara-shekara? A 1993 Amurkawa sun gama haƙa rami mai zurfin mita 3,053 a tsakiyar Girinlan, suna zaro ƙanƙarar sanda-sanda. Irin waɗannan sanduna sun nuna naitiret, wani nau'in naitirojin, ya kusan ninka abin da yake kafin zamanin masana'antu, kuma mafi yawan hawan daga 1950 ne. Da ƙasashen Turai da Amurka suka tsaurara dokar hayaƙi, sinadarin farar wuta ya ragu sosai a ƙanƙarar, naitiret kuwa ya yi taurin kai, bai bi shi da wannan saurin ba. Lakar gindin tafkuna ma ta ba da shaida: wani bincike da mujallar Science ta buga a 2011 ya gano alamar naitirojin ɗin ɗan Adam a tafkunan arewa masu nisa da gari tun wajen 1895.

Dusar ƙanƙara tana mayar da wani abu sama. Idan rana ta haska ta, haskenta yana fasa naitiret ya koma iska. A ƙarshen shekarun 1990 aka gano haka a Girinlan. A tudun tsakiyar Antaktika, inda dusar da ke zuba a shekara ƴar kaɗan ce, mafi yawan abin da ya sauka yana sake tashi kafin sabuwa ta binne shi.

Labarin Antaktika daban ne. Teku ya kewaye ta, masana'antu sun yi mata nisa, don haka ƙanƙararta ba ta nuna irin hawan Girinlan ba. Nata naitirojin yana zuwa ne daga walƙiyar ƙasashe masu ɗumi, da mazaunin tsuntsayen fengwin a bakin teku, da kuma can ƙololuwar sama. Da hunturu, in sanyi ya kai digiri 78 ƙasa da sifili a tsayin kilomita 15 zuwa 25, wani gajimare na musamman yakan haɗu da ruwan asid na naitirojin, ƙwayoyinsa su yi nauyi su nitso ƙasa. Abin takaici, naitirojin ɗin da ya bar saman shi ne ke ɗaure sinadarin kulorin mai cin iskar ozon, don haka tafiyarsa tana ƙara faɗaɗa ɓular ozon da masanan Birtaniya suka bayyana a 1985.

A Busassun Kwaruruwan McMurdo na Antaktika kuwa, inda dusar da ta zuba ke bin iska ba tare da ta jiƙa ƙasa sosai ba, babu ruwan da zai wanke abin da sama ta sauke. Gishirin naitiret ya taru a cikin ƙasar wurin tsawon dubban ɗaruruwan shekaru, irin tarin da ake samu a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, inda aka riƙa haƙo shi ana loda wa jiragen ruwa zuwa gonakin Turai kafin Haber da Bosch su karya wannan kasuwa.