Kalmomi biyu a jikin kwalba: a karanta kafin a fesa

Manoman Ƙwanni da Malbaza da Illela suna sayen maganin feshi mai yawa wanda ke shigowa daga Nijeriya, musamman ta Illelar jihar Sakkwato, wadda ke daura da Birnin Ƙwanni. Rubutun jikin kwalaben nan da Ingilishi yake. A ciki akwai kalmomi biyu masu kama da juna, amma aikinsu ya sha bamban. Ga su: INSECTICIDE da HERBICIDE.

Dukansu sun ƙare da CIDE, watau mai kashewa. Bambancin yana ga farkon kalma.

INSECTICIDE maganin ƙwari ne. Shi ake fesa wa wake in tsutsa ta kama shi, da albasa in ƙananan ƙwari suna tsotse ganyenta.

HERBICIDE maganin haki ne. Wani irinsa, kamar gilifosat, ba ya zaɓe. Yana shiga ta ganye har saiwa, ya kashe haki, ya kashe shuka. Manomin Galmi da ya fesa shi a fangalin albasa, yana tsammani na ƙwari ne, bayan 'yan kwanaki sai ya ga ganye ya yi rawaya. Daga nan babu gyara. Kuɗin iri da na taki da wahalar ban ruwa duk sun tafi.

Ga dabara mai sauƙi. A dubi baƙin farko. In H ne, a tuna da haki. Ko da Faransanci haka ake rubuta kalmomin biyu, saboda haka dabarar tana aiki ga kwalbar ko'ina.

Akwai wani maganin haki mai suna PARAQUAT. Ƙasashen Sahel, har da Nijar, sun hana shi tun 2011, don kurɓi ɗaya yana iya kashe mutum. Wanda ya ga sunan, kada ya saya.

Makiyaya su ma su yi hattara. Kada a kai bisashe wurin da aka yi sabon feshi. Kada a zuba ruwa ko nono a kwalbar da ta ƙare, ko an wanke ta.

Wanda ya je makarantar yaƙi da jahilci, ya karanta wa maƙwabcinsa. In rubutu ya goge, a nuna wa malamin gona kafin a buɗe kwalba. Rigakafi ya fi magani.