Sunayen Unguwanni Su Ne Shaidun Tarihin Yola

Duk wanda ya san Fulatanci, in ya ratsa Yola da Jimeta yana sauraron sunayen unguwanni, zai gane waɗanda suka zauna a wurin, da kuma irin zaman da suka yi.

Sunan Yola kansa daga "yoolde" ya fito, watau tudu. A kan tudun nan ne Modibbo Adama ya kafa hedkwatarsa a 1841, bayan ya zauna a Gurin da Ribadu. Kafin zuwan Fulani kuwa, mutanen Bata ne ke zaune a bakin kogin Binuwai.

"Wuro" gari ke nan. Saboda haka Wuro Hausa, cikin Yola, shaida ce ta wurin da Hausawa fatake da malamai suka sauka suka yi kaka-gida. Rumde, a Jimeta, shi ne rinji da Hausa, watau ƙauyen bayi masu noma. Luggere kuwa kwari ne. Sunayen Limawa da Alƙalawa kuma da Hausa suke, suna nuna inda limamai da alƙalai suka zauna.

'Yan Arewa mazauna Kudu ba baƙin wannan al'amari ba ne. Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, sunanta kaɗai ya isa shaida.

Abin tsoro shi ne gari na bunƙasa, dattawan da suka san ma'anar sunayen suna ƙarewa. Ya kamata matasa su tambaye su, su rubuta, tun suna raye.