Tseren mota na kwaikwayo: Yadda ake haɗa kayansa a gida da abin da yake ci

Rabon da a gudanar da gasar Formula 1 a Afirka tun shekarar 1993, lokacin da aka yi tseren ƙarshe a filin Kyalami na Afirka ta Kudu. A watan Disambar 2024 Shugaba Paul Kagame ya bayyana cewa Ruwanda na neman karɓar baƙuncin gasar. Ko da an dawo da ita nahiyar, tsada za ta ci gaba da zama katanga, domin direbobi kan fara ne tun suna yara da tseren ƙananan motoci, wanda ke cin kuɗin da iyalai ƙalilan ne kawai ke iya biya.

Tseren kwaikwayo ya buɗe wata ƙofa ta daban. Manhaja ce ke lissafa nauyin mota, riƙon taya a kan kwalta da yanayin hanya, mai wasa kuma yana tuƙi da sitiyari da birki na gaske a ɗakinsa. A 2008 kamfanonin Nissan da Sony suka ƙirƙiro gasar GT Academy domin zaƙulo direbobi daga cikin masu buga wasan Gran Turismo. Jann Mardenborough ɗan Birtaniya ya lashe ta a 2011, bayan shekara biyu kuma ya zo na uku a rukuninsa a tseren sa'o'i 24 na Le Mans da ke Faransa. Max Verstappen, wanda ya ci kambun Formula 1 sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, yana cikin fitattun masu wannan tsere.

Sitiyari

Darajar sitiyari tana ga yadda yake mayar wa hannu da abin da tayoyi ke fuskanta, wato santsi, gargada ko kuɓucewa a kwana. Ana auna ƙarfinsa da ma'aunin Newton-mita, kuma iri uku ne a kasuwa. Na farko yana aiki da haƙoran giya, kamar Logitech G29 da ya fito a 2015, wanda ƙarfinsa ke kusa da Newton-mita 2. Shi ne mafi araha, amma yana da ƙara da ɗan ƙugi a hannu. Na biyu yana aiki da bel, kamar Thrustmaster T300, ya kuma fi na farko laushi. Na uku shi ne wanda aka ɗaura sitiyarin kai tsaye a kan sandar injin lantarki ba tare da giya ko bel a tsakani ba. A da masu hannu da shuni ne kaɗai ke sayensa, sai a 2021 kamfanin Fanatec na Jamus ya fitar da CSL DD mai Newton-mita 5, daga nan kamfanoni irin su Moza na Sin suka shigo da masu sauƙin kuɗi. Manya irin su Simucube 2 Pro suna kaiwa 25, ƙarfin da zai iya yi wa wuyan hannu rauni idan aka yi sakaci.

Birki ya fi sitiyari muhimmanci

Sababbin shiga sukan zuba kuɗinsu a sitiyari su manta da abin takawa. Birki mai araha yana auna nisan da ƙafa ta tura shi, mai inganci kuwa yana auna nauyin da aka danna masa, kamar yadda birkin motar tsere yake. Ƙafar ɗan'adam ta fi iya maimaita nauyi iri ɗaya fiye da maimaita nisa, shi ya sa mai irin wannan birki ke iya rage gudu daidai wa daida a kowane zagaye. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi komai ba, gara ya haƙura da matsakaicin sitiyari ya nemi birki mai kyau.

Mazauni da allo

Sitiyari mai ƙarfi a kan tebur mai rawa asarar kuɗi ne, domin motsin da ya kamata ya isa hannu yana ɓacewa a jikin katako. Ƙwararru suna amfani da sandunan alminiyam da ake ɗaurewa da noti. A nan ne ake iya rage kashe kuɗin waje, domin mai walda zai iya haɗa ƙwarangwal ɗin da ƙarfen bututu, a ɗora masa tsohuwar kujerar mota daga masu sayar da kayan gyara, matuƙar dai ba ya lanƙwasa idan aka taka birki da ƙarfi.

Allo guda ɗaya ya isa farawa, idan an matso da shi dab da bayan sitiyari aka kuma daidaita faɗin gani a cikin manhajar. Alluna uku suna nuna motocin da ke gefe, amma suna buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Wajibi ne a zaɓi na'ura kafin sayen sitiyari: Gran Turismo 7 a PlayStation kawai yake aiki, iRacing kuma a kwamfuta yake, ana biyansa wata-wata, sannan a sayi ƙarin motoci da filaye daban. Ba kowane sitiyari ne ke aiki da kowace na'ura ba.

Dala, wuta da intanet

Kusan dukkan waɗannan kaya daga waje ake shigo da su. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki Naira a watan Yunin 2023, ana canza Dala a kan kusan Naira 460 a hukumance. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kayan Dala 300 da a da ba su kai Naira 140,000 ba sun koma 450,000, ban da kuɗin dako da harajin kwastam. Akwai kuma batun gyara: a 2024 kamfanin Endor mai mallakar Fanatec ya durƙushe har Corsair na Amurka ya saye shi, abin da ke nuna cewa ko babban suna ba ya tabbatar da samun kayan gyara a kan lokaci.

Ɗaukewar wuta a tsakiyar tsere na fitar da mai wasa nan take, hawa da saukarta kuma na iya ƙona injin sitiyari. Saboda haka inbata da batir, ko wata na'urar riƙe wuta, suna cikin lissafin farko. A watan Afrilun 2024 an ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane yunit.

Intanet ma tana da nata tasirin, kuma daidaitonta ya fi saurinta amfani. Motar da ke gudun kilomita 250 a sa'a tana shafe kusan mita 7 a cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, don haka jinkiri kaɗan tsakanin mai wasa da cibiyar manhajar a Turai ya isa ya haddasa karo. Jona kwamfuta da waya kai tsaye ya fi dogaro da Wi-Fi.

Tseren kwaikwayo ya rage tsadar shiga wasan, amma ya mayar da ita kan farashin Dala, tsayuwar wuta da ingancin layin sadarwa, waɗanda duk manufofin gwamnati ne ke juya su. Ga wanda ya fi ƙarfin aljihunsa, haɗa kuɗi a sayi kaya guda a yi amfani da su bi da bi, kamar yadda gidajen kallon ƙwallo suka sauƙaƙa wa matasa kallon wasannin Turai, ita ce hanya mafi kusa.