Masauƙin da ya shekara 1,300 yana karɓar baƙi: Yadda ya fita daga hannun zuri'ar da ta kafa shi

A cikin wani kwari da ke gindin duwatsun Akaishi, a garin Hayakawa na yankin Yamanashi a ƙasar Japan, akwai wani ƙaramin masauƙi mai suna Nishiyama Onsen Keiunkan. Ɗakunansa ba su kai 40 ba, amma a shekarar 2011 kundin Guinness ya tabbatar da shi a matsayin otal mafi daɗewa a duniya.

Tarihin masauƙin ya nuna cewa wani mutum mai suna Fujiwara Mahito ne ya kafa shi a shekarar 705, kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi. Wannan ruwa shi ne jarin gidan tun farko, domin wanka a cikinsa ne ke janyo baƙi. Ginin kansa an sha sake shi, kuma wanda ake gani yanzu na shekarar 1997 ne. Abin da ya ɗore shi ne ruwan, da sunan, da al'adar karɓar baƙo: a cire takalma a bakin ƙofa, a kwana a shimfiɗa a kan tabarma, a ci abincin yankin.

Magada 52 ne suka riƙe gidan ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ba dukansu ne jinin Mahito ba. A Japan akwai daɗaɗɗiyar al'ada wadda mai sana'a, idan ya rasa ɗan da zai gaje shi, yakan ɗauki suruki ko wani amintacce ya mayar da shi ɗa a hukumance, ya ba shi sunan gidan. Ta haka sana'o'i da dama suka tsallake mutuwar masu su.

A shekarar 2017 wannan silsila ta yanke, domin ba a samu wanda zai karɓi ragamar daga cikin iyalin ba. Maimakon a rufe gidan ko a sayar wa wani babban kamfanin otal, sai aka damƙa shi ga manajansa, Kenjiro Kawano, wanda ya shafe shekaru da dama yana aiki a wurin. Da yake ba ɗan gida ba ne, sai da aka kafa sabon kamfani aka mayar da masauƙin ƙarƙashinsa, ya zama shugaba na 53.

Matsalar ba ta Keiunkan kaɗai ba ce. Ƙauyukan Japan na ta raguwa yayin da matasa ke komawa birane, kuma Hayakawa na cikin garuruwa mafi ƙarancin jama'a a ƙasar. Ƙananan sana'o'i da yawa na rufewa duk da suna samun riba, saboda rashin magaji kawai.

Keiunkan ya kauce wa wannan ƙaddara ne saboda masu shi sun horar da wanda ya san gidan ciki da waje, kuma suka yarda su miƙa masa amana tun kafin lokaci ya ƙure.