Ƙwari Masu Dogon Baki: Daga Rumbu Zuwa Gonar Kwakwa

Yau shirin namu zai leƙa cikin buhun hatsi ne.

Duk uwargidan da ta taɓa zuba tsohuwar masara a faifai ta san shi: ɗan mitsitsin ƙwaro mai duhun jiki, bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, ga baki zungurere. Danginsa sun haura iri 50,000 a duniya, kuma da bakin nan suke aika-aika. Macen takan huda ƙwayar masara, ta saka ƙwai ɗaya, ta toshe ramin da wani ruwa mai danƙo. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa a ciki, ta yi ta ci har kusan wata guda, sannan ta fito a ƙwaro. Shi ya sa manomi zai ga hatsi lafiya lau, ya ɗaga buhu ya ji shakwaf, gindinsa duk gari.

Ƙwaron wake kuwa danginsa daban, ba shi da dogon baki. A bayan wake yake liƙa ƙwai, tsutsar ta kutsa ciki, in ta zama ƙwaro ta fito, ta bar ɗan rami zagayayye. Buhun PICS mai ledoji biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, yana kashe shi ba da magani ba. Da an ɗaure baki tamau, iska ta ƙare masa, shi ke nan.

A Amurka kuwa, wani mai dogon bakin, ƙwaron auduga, ya tsallako daga Meziko wajen 1892, ya durƙusar da gonaki. Manoman garin Enterprise a jihar Alabama suka koma noman gyaɗa, suka samu alheri, har a 1919 suka gina wa ƙwaron abin tunawa a tsakiyar gari.

Akwai ma wanda aka ɗauka aiki. A da, ma'aikata a Malesiya da hannu suke barbaɗa garin fure a kan kwakwar manja. A 1981 aka kai musu wani ƙwaro mai dogon baki daga Kamaru, wanda ke yawo tsakanin furen namiji da na mace. Aikin hannu ya ragu ƙwarai, manja ya ƙaru.

A nan za mu dasa aya.