Ƙarar Gaban Mota: Yadda Ake Gano Tushenta

Ƙara alama ce, ba ita ce cutar ba. Kamar yadda likita ba ya ba da magani sai ya gano musabbabin zazzaɓi, haka ƙwararren makaniki ba ya kwance gaban mota mai ja da tayoyi huɗu sai ya yi gwaji. Ƙa'idarsa ta ɗakin bincike ce: a sauya abu ɗaya tak, a saurara.

Da farko yakan sa giya a firi motar na tafiya. In gurnanin bai sauya ba, injin ya fita daga zargi. Sai ya mai da tayoyin gaba baya. In ƙarar ta bi su, laifin taya ne. In kuwa tana ƙaruwa sa'ad da aka karkata hagu, galibi boris ɗin dama ne ya lalace, domin a kansa nauyin motar ke sauka. Ƙas-ƙas wajen shan kwana kuma, yawanci gaɓar sandar da ke juya taya ce ta rasa giris.

Jinkiri na da haɗari: lalataccen boris na iya ƙamewa ana tsakiyar gudu, tayar ta kafe ko ta fice.